"Wanda bai shirya ba zai wayi gari baƙauye": muhawarar gilashin VR a zauren 'yan fasaha na Bauchi

Ɗan Gwallameji: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da ƙorafi kuma yau sai na amayar da shi. Jiya da daddare a majalisarmu na nuna wa mutane bidiyon gilashin VR, irin wanda ake sawa a fuska a ga kamar ana cikin hoton, da Apple suka gabatar ranar 5 ga wannan wata na Yuni 2023, Vision Pro. Wallahi dariya aka yi ta yi mini har da masu riƙe ciki. Wani cewa ya yi wai kwalkwalin ɗan acaɓa ne aka shafa wa fenti. Mutanen nan ba su san abin da ke tafe ba. Ka sa abu a fuska, allon kwamfuta ya tsaya maka a tsakiyar ɗaki, ka kalli abin da kake so ka haɗa yatsu biyu ya buɗe. Kwana huɗu kafin nan Mark Zuckerberg, mai kamfanin Meta, ya sanar da nasu gilashin, Quest 3, a kan dala 499, zai fito kafin ƙarshen shekara. Ni dai na faɗa, a rubuta a ajiye: nan da shekara biyar gilashin nan zai kashe wayar hannu. Wanda bai fara shiri yanzu ba zai wayi gari baƙauye.

Ɗan Dass: Wa alaikumus salam. Dakata tukuna. Waye baƙauye?

Ɗan Gwallameji: Ban kama sunan kowa ba fa.

Ɗan Dass: Ba sai ka kama suna ba. Duk wanda ba zai iya sayen abin miliyoyi ya rufe idonsa da shi ba shi ne baƙauyen, ko ba haka kake nufi ba? To ni ga ni nan, a ƙauye aka yanke mini cibiya. Masarar da ake tuƙa maka tuwo da ita a Gwallameji daga ina take zuwa, daga Kalifoniya?

Mai Gyaran Waya na Wunti: Ƙanina, bari in ba ka labari a matsayina na wanda ya taɓa cin wannan kasuwa. Google sun fito da gilashin VR na kwali a 2014, Samsung suka biyo da Gear VR a 2015. Bayan nan na roba suka cika kasuwa, irin wanda za ka zare murfi ka zura wayarka ciki. Na saro kwali guda. Makon farko samari har layi suke a bakin shago don su leƙa jirgin lilo. Wanda ya saya sai ya kalli bidiyo biyu, waya ta yi zafi, hoto ya yi dishi-dishi, shi ke nan an jefa saman durowa. Ragowar suna nan ƙarƙashin kanta, ƙura ta rufe su, igiyar kan ta saki. Idan kana so ka zo ka ɗauka kyauta ka fara shirin da su.

Ɗan Gwallameji: Haba Yaya, ya za ka haɗa wannan roba da abin da ke da kyamara 12 da makirfo 6? Ɗigon hoto miliyan 23 ne a gaban idanunka biyu.

Ɗan Dass: Ka bar lissafin kyamara. Ka janye kalmar nan kawai.

Jikan Bubayero: Ni abin da ya ba ni dariya, wai ɗan Gwallameji ne ke kiran wani baƙauye. Ruwan sama ɗaya aka yi, mashin ba ya shiga layinku. Ku zo Gombe ku ga titi.

Ɗan Gwallameji: Ga shi nan an fara. Jihar da aka ɓalle daga jikinmu a 1996 ce za ta koya mana birni?

Jikan Bubayero: Ɗa ya girma ya fi ubansa gida mai kyau, ai abin alfahari ne Baba.

Injiniya: Jama'a a koma kan magana don Allah. Ni matsalata da hasashen nan ba kuɗi ba ne ma tukuna, jiki ne. Waya kana riƙe da ita tun asuba har ka kwanta. Gilashin nan wa zai iya? Quest 2 ya kai rabin kilo, duk nauyin a gaban fuska. Na taɓa sa wani a wurin abokina cikin watan Afrilu, da rana, ba wuta. Soson da ke manne wa fuska ya jiƙe sharkaf da gumi, madubin ya yi hazo, da na cire sai ga shati zagaye da idona har zuwa goshi. Ga jiri. Dalilinsa kuwa a fili yake: ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa kana tafiya, shi kuma cikin kunne, inda ake auna daidaiton jiki, yana cewa a zaune kake. Saɓanin nan ne ke tayar da zuciya, shi ne dai ke kama mai karanta saƙo a cikin mota a hanyar Jos. Masu ƙerawa suna yaƙar abin ta hanyar sa hoto ya sabunta kamar sau 90 a daƙiƙa, da rage jinkiri tsakanin juya kai da juyawar hoto. Apple sun ce nasu yana kai hoton kyamara gaban ido cikin kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan haka ne an yi nisa. Amma batirinsa a aljihu ake sa shi da igiya, kuma su da bakinsu suka ce awa biyu yake yi. Awa biyu. A garin da ake ɗauke wuta tun safe sai dare, wannan ne zai kashe waya?

Ɗan Dass: Injiniya ka yi bayani, Allah Ya ƙara basira. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Ƙaramin Alhaji: Ɗan Dass kai ma ka cika riƙo. A Hausa idan an ce mutum ya yi ƙauyanci ba garinsu ake nufi ba. Akwai baƙauye a GRA, akwai wayayye a rugar Fulani.

Ɗan Dass: To me ya sa ba a ce ya yi birnanci ba? Kullum abin kunya sai a jingina mana. Ranar da abinci ya yi tsada kuma a tuna da mu.

Ƙaramin Alhaji: Wannan kuma ka tambayi kakanninmu.

Maman Biyu: Ni tambaya gare ni, ku masana. Yarana tun yanzu sai an yi kokawa ake ƙwace waya a hannunsu. Idan abin nan ya shigo gari, aka fara haya a shagunan gem, uwa ba ta ma ganin abin da yaro ke kallo tunda a fuskarsa yake. Akwai ƙa'idar shekaru? Kuma ba ya lalata ido?

Injiniya: Hajiya, Meta shekara 13 suka sa, amma a 'yan kwanakin nan sun ce za su sauko da shi zuwa 10 da izinin iyaye. Sony kuma sun ce nasu ba na ƙasa da shekara 12 ba ne. Mai shagon gem da ke karɓar naira ɗari ɗari kuwa ba zai tambayi takardar haihuwa ba.

Ɗan Gwallameji: Kun gani ko? Kullum tsoro. Haka aka yi da rediyo, haka aka yi da talabijin, haka aka yi da Facebook. Ku tuna ɗalibin likitanci zai iya buɗe ƙirjin mutum ya ga zuciya tana bugawa ba tare da gawa ba. Ɗalibin injiniya a jami'ar ATBU ya shiga cikin injin da makarantar ba ta da shi. Ba ku hango wannan.

Maman Biyu: Ƙanina ban ce tsoro ba, tambaya na yi. Kuma ta ido ba a amsa ba.

Jikan Bubayero: Ya shiga injin da gilashin da makarantar ba ta da shi.

Mai Gyaran Waya na Wunti: A yi lissafi mana. Vision Pro dala 3,499. Tun da aka saki naira makon jiya dala tana wajen 750. Ya kama sama da naira miliyan biyu da rabi kenan, ban da kuɗin kawowa da na kwastan. Mai albashin 30,000 sai ya yi fiye da shekara bakwai bai ci ba bai sha ba. Kuma farkon 2024 a Amurka kawai za a fara sayarwa. Ko Quest 3 ɗin mai sauƙi ya kusa 400,000, a watan da litar mai ta haura 500. Idan madubin ya tsage wa zai gyara? Ni dai ba ni da kayansa.

Ƙaramin Alhaji: Miliyan biyu da rabi? Ai kaɗan ya rage ya kai kujerar Makka ta bana, ita ma ba ta cika miliyan uku ba.

Ɗan Gwallameji: To ai da gilashin za ka iya ganin Ka'aba kana kwance a ɗakinka.

Malam na Jahun: Subhanallah. Ɗana, ka iya bakinka. Alhazanmu suna can yanzu haka suna jiran ranar Arfa, kai kana maganar kwanciya a ɗaki. An riga an yi wannan magana a duniya. A Disambar 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu masu alfarma ta ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta irin wannan na'ura, aka yi ta surutu, har hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta fito a farkon 2022 ta ce wannan kallo ne, ba Hajji ba. Ɗawafi da ƙafa ake yi, tsayuwar Arfa da jiki ake yi. Idan don bita ne, a nuna wa maniyyaci tsoho inda Safa da Marwa suke kafin ya je ya rikice, wannan abu ne mai kyau, ni ma zan so in gani.

Ɗan Gwallameji: Allah gafarta Malam, gani na ce, ban ce Hajji ba.

Malam na Jahun: Na ji. Amma daga gani ake farawa. Sannan maganar Ɗan Dass tana da hujja, bai kamata a wulaƙanta mutum da asalinsa ba. Ka nemi afuwarsa.

Ɗan Dass: Allah Ya saka da alheri Malam. Tun ɗazu sai yanzu aka samu mai adalci.

Ɗan Gwallameji: Idan ran wani ya ɓaci ya yi haƙuri. Amma maganata tana nan.

Ɗan Dass: "Idan". Kun ji irin ban haƙurin 'yan boko.

Shugaban Zaure: Ni fa abin da na lura, duk wanda ke sukar abin nan Android ce a hannunsa. A 2007 da iPhone ya fito haka aka yi ta dariya wai ba shi da madannai. Ina Nokia yau, ina BlackBerry? Apple ba sa shiga kasuwa sai sun shirya.

Jikan Bubayero: Ranka ya daɗe, kai da ka sayar da fili ka sayi waya ai dole ka kare su.

Shugaban Zaure: Ƙarya kake, gado na ne aka raba.

Injiniya: Shugaba, misali ɗaya ka ɗauko ka bar sauran. Nintendo sun yi Virtual Boy a 1995, ko shekara bai yi ba aka daina. Google Glass ya fito da dala 1,500, a watan Maris ɗin nan suka rufe babinsa. Facebook sun sayi Oculus, kamfanin gilashin VR, dala biliyan 2 tun 2014, suka canza suna zuwa Meta a 2021 saboda wannan buri, kuma sashen da ke yin gilashin ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022 kaɗai. Ban ce ba zai yi nasara ba. Cewa na yi shekara tara ana zuba kuɗi, waya tana nan daram. Akwai kuma abin da ba wanda ya taɓo. Na'urar nan kyamarorinta suna auna ɗakinka, na Apple har ƙwayar idonka yake dubawa kafin ya buɗe. Apple sun ce bayanan idon ba sa fita daga na'urar. To, mun ji. Meta kuwa kamfanin da hukumar Amurka ta ci tarar dala biliyan 5 a 2019 kan sirrin mutane ne. Kai za ka shigar da kyamara ɗakin matarka a kan alkawarin kamfani?

Ƙaramin Alhaji: Wayar da ke gefen filonka fa, ba kyamara gare ta ba?

Injiniya: Tana kallon silin. Wannan duk inda ka juya yake kallo.

Jikan Bubayero: A Gombe dai za a fara kawo shi, ku zo ku yi kallo.

Mai Gyaran Waya na Wunti: Ku da kuke zuwa Kano sari kamar kowa.

Ɗan Dass: Ni fa har yanzu ina jira a goge kalmar nan daga saƙon farko.

Shugaban Zaure: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita kamar yadda muka saba. An tattauna sosai kuma mafi yawan 'yan zaure sun yarda cewa wannan fasaha ita ce makomar duniya, kuma Apple ne a gaba nesa ba kusa ba. Injiniya da kansa ya amsa cewa an yi nisa. Malam ya sa albarka, ya ce zai so ya gani. Batun tsada da batiri ƙananan abubuwa ne da lokaci zai gyara, kowace waya da tsada ta fara. Abin takaici kawai shi ne yadda wasu suka bar ilimi suka kama kalma ɗaya suka ɓata mana lokaci, alhali Ɗan Gwallameji ya ba da haƙuri cikin dattaku. Masu kawo mana faɗan jiha kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Injiniya: Shugaba, wane mafi yawa? Ku biyu ne fa, kai da ƙanin matarka.

Malam na Jahun: Ni bita na ce. Kada a jingina mini abin da ban faɗa ba.

Maman Biyu: Har an rufe? Ni ba wanda ya ce mini komai a kan ido.

Mai Gyaran Waya na Wunti: Shugaba ka manta ba ka sa a taƙaitawar ba cewa iPhone kake sayarwa.

Shugaban Zaure: Na kulle zaure sai bayan sallar asuba. Mai ƙorafi ya same ni ta akwati.