"Jiki magayi": wa yake gaya wa, kuma me yake faɗa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman haske a kan karin maganar nan "jiki magayi", domin na ji an kafa hujja da ita a wani lamari da har yau bai bar zuciyata ba. Kuɗi ne suka ɓata a inda nake aiki, aka zargi wani yaro mai shara, masu gadi suka shige da shi ɗaki, suka ɗaure masa hannu ta baya suna zabga masa wayar lantarki a tafin ƙafa. Da na sa baki, babbansu ya ce in ƙyale su, jiki magayi ne. Kafin awa guda yaron ya amsa laifi ya faɗi inda ya ɓoye kuɗin, aka je babu, ya sake faɗin wani wuri, nan ma babu. Bayan kwana uku aka tsinci ambulan ɗin a bayan durowa, inda ya zame ya faɗa. Yaron ya yi mako biyu yana takawa da gefen ƙafa. Shin abin da magabata suke nufi ke nan?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Magayi daga "gaya" yake, kamar yadda maɗinki yake daga "ɗinka", amma abin lura shi ne wanda ake gaya wa. A yadda muka taso muka ji, jiki mai shi yake gaya wa: wanda aka yi wa gargaɗi ya toshe kunne, ranar da wahala ta cim masa jikinsa ne zai faɗa masa abin da kunnensa ya ƙi ɗauka, shi ya sa ake cewa "jikinka zai gaya maka". 'Yar'uwarta ita ce "wanda bai ji bari ba zai ji hoho". Babu inda maganar ta ce jiki yana tona gaskiya ga mai riƙe da bulala, kuma mai gadin nan ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Wata uwa:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da fassararka ba, amma kada mu yi kamar matsi ba ya taɓa fitar da gaskiya. A shekarar 2002 a birnin Frankfurt na Jamus an sace wani yaro ɗan shekara 11, 'yan sanda suka kama wanda ya karɓi kuɗin fansa, ya yi ta yi musu ƙarya a kan inda yaron yake, har mataimakin shugaban 'yan sandan birnin, Wolfgang Daschner, ya ba da umarnin a tsoratar da shi da azaba mai tsanani. Ba a jima ba ya faɗi wurin, kuma gaskiya ya faɗa. Ni uwa ce, kuma da ɗana ne a hannun mutumin nan, ban ga yadda zan roƙi ɗan sanda ya yi masa magana da lallashi ba.

Lauya:
Hajiya, babu mai imani da zai raina abin da kika faɗa, sai dai labarin yana da ƙarshe: gawa aka tarar, domin wanda ya sace yaron ya kashe shi tun kafin ya karɓi kuɗin. A 2004 kotu ta sami Daschner da laifi, ko da yake ta sassauta masa hukunci ƙwarai, a 2010 kuma Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce barazanar kaɗai ta keta haddi. Na yarda cewa azaba takan fitar da gaskiya wani lokaci. Matsalar ita ce gaskiya da ƙarya da murya ɗaya suke fitowa daga bakin wanda ake duka, kuma mai dukan ba shi da ma'aunin da zai rarrabe su. Karin maganar da ta dace da wannan hali ita ce "wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama". Wannan ne ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, wadda aka amince da ita a 1984 ta fara aiki a 1987, ta ce babu wani uzuri, yaƙi ne ko dokar ta-ɓaci ko umarnin na gaba, sashe na 15 kuma ya hana kotu karɓar bayanin da aka tatsa ta wannan hanya.

Ɗan jarida:
Ina ƙara wa Barista da misalin da ya ci rayuka. Ibn al-Shaikh al-Libi, wani fursuna ɗan Libiya da Amurka ta miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi ta horar da 'yan al-Ƙa'ida a kan makamai masu guba, kuma Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya dogara da wannan a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairun 2003, makonni kaɗan kafin a auka wa Iraƙi. A 2004 mutumin ya janye maganar, ya ce ya ƙirƙira ta ne don a sarara masa. Rahoton da kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar a Disamban 2014 ya nuna an yi wa Khalid Shaikh Muhammad, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001, azabar shaƙewa da ruwa sau 183, ya kuma yanke cewa hanyoyin da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta bi ba su zama ingantacciyar hanyar samun bayanai ba, duk da cewa wasu tsofaffin shugabannin hukumar sun musanta hakan.

Malamin Hausa:
Ku duba kuma Ammar ɗan Yasir, wanda Ƙuraishawa suka azabtar har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Idan an yi wa sahabi uzuri saboda harshensa ya saɓa wa zuciyarsa a ƙarƙashin azaba, da wace hujja za mu riƙe yaro mai shara da abin da ya faɗa yana ɗaure?

Wata uwa:
Malam, na karɓi wannan, kuma na yarda kada doka ta buɗe ƙofar, domin idan aka buɗe ta saboda yaron da aka sace, yaro mai shara ne zai fi yawan shiga ta cikinta. Amma har yanzu zuciyata ba ta iya tsinewa ɗan sandan Frankfurt ba, tunda bai san yaron ya riga ya rasu ba.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Gobe zan nemi yaron, domin tun ranar da aka ga kuɗin babu wanda ya ba shi haƙuri a cikinmu, har da ni da na tsaya a bakin ƙofa ina jin kukansa.