Wace kalma za mu sa wa "additionality"?

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Ina fassara wani bayani kan bankunan raya ƙasa, na zo kan "additionality" na cije. Ga abin da take nufi: bankin gwamnati ya ba kamfani rance mai sauƙin ruwa, kamfanin ya sayo inji ya ɗauki ma'aikata. To, ba don rancen ba da bai saya ba? Ko da ma zai saya, kuɗi mai araha kawai ya tsinta?

2/ Brazil tana da bankin raya ƙasa, BNDES, tun 1952. Ya zuba kuɗi a manyan kamfanoni irin su JBS mai harkar nama, wanda ya saye Swift na Amurka a 2007. Sukar da aka daɗe ana yi wa BNDES: irin waɗannan ai kowane banki da gudu zai ba su bashi. Ruwan da suke biya ya ragu, amma ko jarin ya ƙaru saboda rancen, nan ake ta gardama.

3/ Na fara da "ƙari". Bai zauna ba, na albashi ma ƙari ne. Wani a ƙasa ya ce "gyara". Haba Malam, gyara ai sai ciniki ya faɗa ake ɗan barbaɗa maka a kan mudu. Mu abin da ya sa cinikin ya faɗa muke nema.

4/ Wata Hajiya ta kawo "sila". Hajiya, Allah ya saka da alheri, "sila" ɗin nan taki ta fi kama hanya. Ku duba DBN namu, bankin raya ƙasa na Najeriya, da ya fara aiki a 2017: ba ya ba ɗan kasuwa kuɗi hannu da hannu, sai ta bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna. In bankin kasuwancin ya miƙa wa tsohon abokin hulɗarsa mai shago uku a Kantin Kwari, a takarda an raba rance, amma an ƙara wa Borno dawaki ne. In kuwa ya kai ga telan da ya shekara yana hayar keke ya sayi nasa, rancen ya zama sila.

5/ Na tsaya a kan "zama sila". Na gwada shi a jimla: "Ana auna bankin raya ƙasa da zama silar sabon jari." Ya shige ba tare da tuntuɓe ba. Mai cewa "musabbabi" ya fi, na ji, amma kunnena gobara da haɗarin mota yake jiyowa a cikinsa.