Me ya karya saƙar gargajiya a ƙasar Bauchi da Gombe alhali muna noman auduga?

Ɗalibar Tarihi, Bauchi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan saƙa da rini a ƙasarmu, kuma ina fatan waɗanda suka ga abin da idonsu za su taimaka mini. Duk wanda ya san cikin garin Bauchi ya san unguwar Karofin Madaki (karofi shi ne wurin ramukan rini), kuma dattawa suna gaya mana cewa a da ba a rasa masaƙa da marina a manyan garuruwan Bauchi, Katagum, Misau da Gombe. Yau kuwa idan ka zaga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, shadda da atamfa da yadin waje ne suka cika rumfuna, gwado ko saƙi na hannu sai an sha nema. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar Gombe ta yi suna a noman auduga, to yaya aka yi auduga ta yawaita amma saƙa ta ja baya? Shin Turawan mulkin mallaka ne suka hana ta, kamar yadda nake ji ana faɗa?

Jikan Masaƙi, Kumo:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. A gidan saƙa na tashi, kuma a ganina masu neman dalilin durƙushewar wannan sana'a sukan tsaya a kan masaƙi, alhali daga hannun mata ɓarakar ta fara. Kafin zare ya isa rumfar saƙa, sai mace ta gurje audugar a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe ta raba ta da angurya, ta shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, sannan ta zauna da mazari tana kaɗi, tana dangwalar alli da yatsunta don zaren ya kamu. Zare iri biyu take fitarwa: siriri mai ƙarfin murɗi wanda ake wadari da shi, da abawa mai kauri da taushi wadda ake sa wa a ƙoshiya. Wannan aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, domin masaƙi mai saurin hannu yakan cinye a yini guda abin da mata da yawa suka daɗe suna kaɗawa.

Na ga kakana yana zaune a rumfa, ƙafafunsa na taka igiyoyi suna buɗe zare, ƙoshiya na kai da komo tsakanin hannuwansa, wadarin kuma ya miƙe can tsakar fili an ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato ɗan katakon da ake ɗora wa dutse, yana janyo shi a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Abin da yake fitarwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sai maɗinki ya harhaɗa shi ya zama zane ko riga. Duk wannan ya dogara ne ga tsofaffi da matan aure da ke kai zarensu kasuwa ta hannun yara. Da aka buɗe fulotin sayen auduga, maigida ya ga zai kai amfanin gonarsa gaba ɗaya a auna a ba shi kuɗi a hannu, sai audugar da ake ragewa a gida don kaɗi ta ragu, mata kuma suka koma ga man gyaɗa da ƙuliƙuli da ɗinkin hula, waɗanda kuɗinsu ya fi saurin shigowa. Masaƙa suka koma sayen zaren kanti, kuma daga ranar da masaƙi ya fara sayen zare daga hannun mai injin da yake gogayya da shi, ribarsa ta zama abin tausayi.

Tsohon Malamin Gona, Gombe:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Na yarda da ɗan'uwana na Kumo, sai dai zan ƙara da tarihin kasuwar, domin ba da doka aka karya saƙa ba, da farashi aka karya ta, kuma ba a dare ɗaya ba. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Hausa suna kaiwa har Tumbutu da ƙasar Buzaye. A 1902 aka kafa BCGA, ƙungiyar Turawan Birtaniya ta bunƙasa noman auduga, a Manchester ta Ingila domin samar wa masaƙun can auduga, kuma babban fatansu shi ne da zarar jirgin ƙasa ya isa Kano, wanda ya faru a 1911, audugar Arewa za ta kwarara zuwa teku. Hakan bai samu yadda suke so ba, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Turawa, manoman Kano kuma suka rungumi gyaɗa. Wato a farkon mulkin mallaka saƙar hannu tana da ƙarfin da ta iya ja da su a kasuwa.

Abin ya sauya ne a hankali. An yaɗa irin audugar Amurka da ake kira Allen, wadda masaƙun Ingila suka fi so, a 1949 kuma aka kafa hukumar sayen auduga ta ƙasa mai yanke farashi. A nan ƙasar Gombe noman ya bunƙasa sosai a shekarun 1950 da 1960, lokacin da garmar shanu ta yaɗu, baƙi suka yi ta zuwa neman gona, aka kuma kafa injinan gurza a Gombe da Kumo. Har yau akwai unguwar da ake kira BCGA a cikin Gombe. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963. To ki lura, 'yata, audugar da ta yawaita ɗin nan ba don mazari aka noma ta ba, an noma ta ne don a ɗaure ta dila-dila a tura waje ko a kai masaƙun zamani, irin Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, wadda ta cika kasuwanni da akoko mai araha. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne su ma waɗannan masaƙu ba su tsira ba. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa tabbacin iri da farashi, rashin wutar lantarki da yadin fasa-ƙwauri suka taru a kan kamfanonin, har manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000.

Hajiya Mai Zannuwa, Kasuwar Wunti:

Malam, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina ganin an bar marina a baya, kuma an sauke wa mu masu saye namu laifin. Rinin baba ba ƙaramin ilimi ba ne. Ramin karofi mai zurfi ne, ana shafe cikinsa da laso, wanda ake haɗawa da ƙonannen katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin ramin, da gashin dabba da dafara. Ana zuba ruwa da toka da baba, a yi ta motsawa da doguwar muciya kwana da kwanaki har ruwan ya nuna, kuma marini da wari da kumfa yake gane ya nuna. Idan aka tsoma zane aka ciro shi, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi, a sake tsomawa har ya yi baƙi, daga nan mabuga su ɗora shi a kan gungume su buga da shuni har ya riƙa ƙyalli. Da haka garin Kura ya yi suna da turkuɗi. Amma tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma da rinin kanti ya yaɗu, mutum na iya rini a tukunya ko ganga cikin yini guda, sai ramuka suka zama kufai. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana cikin 'yan kaɗan da suka rage suna aiki.

Mu kuma idonmu ya koma kan abu mara nauyi mai launi kala-kala. Uwar amarya takan tambaye ni atamfa da leshi, ba ta tambayar saƙi. Waɗanda suka riƙe wa masaƙa kasuwa su ne Fulani masu sayen farin saƙi da zannuwan biki, masu neman gwado da luru lokacin hunturu, da masu sarauta da ke sa manyan riguna ranar hawan salla.

Ɗalibar Tarihi, Bauchi:

Na gode ƙwarai, iyayena. Hajiya, ina jin ana ambaton rigar tsamiya, kuma an ce ƙasarmu tana da hannu a cikinta. Mece ce ita, kuma yaya mai saye zai bambance zaren hannu da na inji?

Hajiya Mai Zannuwa, Kasuwar Wunti:

'Yata, tsamiya siliki ce ta daji. Wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen itatuwa, har da na tsamiya, suke taruwa su saƙa gida ɗaya babba. Ana ɗebo gidan a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a wanke a shanya, sannan a kaɗa shi da mazari kamar auduga. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai haske, ba ta ƙyalli irin na alharini, jar silikin da fatake suke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Dazuzzukan ƙasar Bauchi suna cikin wuraren da ake samo ta, ana kai ta Kano da ƙasar Nufe da ƙasar Yarabawa, inda suke saƙa babban tufafinsu na girma da ita, a nan kuma ana yi wa manyan riguna aikin aska biyu ko aska takwas da zarenta.

Game da bambancewa, ki ɗaga zanen ki duba shi a hasken rana. Zaren mazari ba ya zuwa daidai wa daida, za ki ga wani wuri ya yi kauri wani ya sirance, wani lokaci har da ɗan ɓawon angurya a maƙale, na inji kuwa sumul yake daga farko har ƙarshe. Ki juya bayansa ki bi layin ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen, domin akwai yadin kanti da ake zana masa layi don ya yi kama da saƙi. Idan kuma rinin baba ne da aka buga, ki murza shi da yatsa, zai bar miki shuɗi a fata, kuma yana da wani ƙamshi na toka da ganye wanda rinin kanti ba shi da shi.