Don Allah a ba ni shawara: ina koyon rawar wals a waya, ƙafa ta ƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Ina wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, saura sati bakwai bikina. Wanda zan aura ɗan ƙanwar Babanmu ne, yana aiki a Abuja. Tun ina ƙaramar sakandare ake ce min matar Yaya, shi ya biya min kuɗin jarrabawa, wayar nan ma shi ya saya min, bai taɓa neman komai a wurina ba sai wannan. Ya je dinar abokinsa ya ga ango da amarya sun yi rawar Turawa, wai wals, ya ce mu ma sai mun yi a tamu a Dutse. Ya turo min bidiyo huɗu. Kullum bayan isha'i nake naɗe tabarma mu gwada ni da ƙanwata. Ƙirgen ɗaya, biyu, uku na gane, amma da mun riƙe hannu sai mu yi ta taka juna. Sati uku ke nan. Shekaranjiya Inna ta leƙo ta gan mu, har yau da ƙyar take amsa gaisuwata. Barci ma ba na iyawa.

Maman Ilham: Ƙanwata, na san matsalarki tun ban ga bidiyon ba. Ku biyun takun namiji kuke koya. A wals namiji ne ke fara yin gaba da ƙafar hagu, mace kuma ta yi baya da ƙafar dama. Baya, gefe, haɗe. Sannan gaba, gefe, haɗe. Ki zana murabba'i da alli a kan siminti, ki bi kusurwoyinsa ke kaɗai tukuna. In a YouTube ne, akwai wurin rage saurin bidiyo zuwa rabi. Kuma wals iri biyu ce: ta birnin Biyana na Ostiriya saurinta ya kusa ninka ta Ingila, ga juyi ba tsayawa. Mai sanyin za ki nema.

'Yar Gumel: Ni dina ce ta fara haɗa ni da dangin miji. Rawa kaɗan na taka, aka ɗauka a waya, shekara huɗu yanzu uwar mijina tana yi min gorin bidiyon. Shi da ya ce in yi, da magana ta tashi bai ce uffan ba.

Malama Ummu Abdallah: Ki ji tsoron Allah 'yata. Riƙe juna a gaban maza? Shirun mahaifiyarki amsa ce.

Mai tambaya: Malama, bayan an ɗaura aure ne fa, mijina ne a lokacin. Kuma ni Yaya ba irin waɗannan mazan ba ne.

Maman Sadik: Ki ce masa ku tsaya kawai kuna rangaji a yi muku liƙi, kowa haka yake yi. Da goggoro da doguwar riga mai jan ƙasa ina ke ina takawa da baya?

Maman Ilham: Rangaji ba shi ya nema ba. A ɗage rigar kaɗan wajen tela, shi ke nan. Amma gaskiya ɗaya ce, rawar nan namiji ke ja, mace ta bi. In shi bai koya ba, ko shekara kika yi da ƙanwarki aikin banza ne. Dole ku gwada tare ko sau uku.

Mai tambaya: Aunti, sai ana gobe kamu zai iso, kuma kafin ɗaurin aure Baba ba zai bari ko zaure mu daɗe ba. Ya ce yana koya a can, na yarda da shi. Na gwada allin yau, ni kaɗai ina yi daidai. Inna fa, in je in same ta ne, ko in bari Yaya ya kira ta?