Wace kalma za mu yi wa "foreign voltage" a layin tarho na ofis?

Injiniya_Kakuri: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ana haɗa takardar koyar da yaran shago gyaran PBX, wato intakom na ofis, da Hausa. Mun tsaya a kan "foreign voltage". Na sa "wuta mai yawa". Ko akwai wadda ta fi ta?

Malamin_Lantarki: Wa alaikumus salam Injiniya. "Wuta mai yawa" za ta ɓatar da yaro, domin layin tarho da wutarsa yake tafe. Kan tarhon yana ajiye, mita za ta nuna kusan bolt 48 DC (wuta irin ta batir) tsakanin ƙafa A da ƙafa B, wato wayoyi biyun layin, wasu ƙananan PBX kuma 24 suke ba layukan cikin gida. Aka ɗaga kai, sai ta sauko tsakanin 6 da 12. In tarho na ƙara, AC ce (wuta irin ta bango) mai kai bolt 70 zuwa 90. Duk wannan lafiya lau ne. Abin da ake nema ita ce wutar da ba ta layin ba, ko da bolt 15 ce kawai. Ni "baƙuwar wuta" zan ce.

Mai_Intakom_Barnawa: Malam, ni "wutar kutse" ta fi kwanta mini, ta fi nuna haɗari.

Malamin_Lantarki: Ta yi, amma rabin matsalar ta ɗauka. Kutse shi ne inda waya ta taɓa waya: bolt 230 ta bango ta samu kebul ɗin tarho da ya goge, ko ruwan damina ya shiga akwatin haɗi ya gama layi biyu, ko an soka layin da ke ba da wuta daga getwe (na'urar da ke haɗa tarho da intanet ko layin salula) a ramin PBX da shi ma wuta yake bayarwa. Ɗaya rabin babu taɓawa ko kaɗan. An dai zura kebul ɗin tarho bututu ɗaya da wayar janareta ko inbata, sai ya kwashi AC ta hanyar kusanci, ka ji gurnani a kunne, wani lokaci PBX ta riƙa ƙara ba mai kira.

Injiniya_Kakuri: To yaro zai bambanta su da mita kuwa?

Malamin_Lantarki: Ƙwarai. Ya fara cire layin daga PBX a wurin haɗi, ya san ko daga waje take ko daga ciki. Ya auna A zuwa ƙasa, B zuwa ƙasa, a DC sannan a AC. A layi mai lafiya, ta ɓangaren da ke ba da wuta, A na kusa da sifili, B ce ke ɗauke da 48 ɗin. In ya ga AC, ya gicciya rizista 100k a bakin mitar ya sake aunawa. Mitar dijital tana da turjiya ta kusan megom 10, kusan ba ta jan wuta, shi ya sa take nuna wutar da ba ta da ƙarfi. In wutar ta zube, ta kusanci ce, a raba kebul ɗin da wayar wuta. Ta tsaya daram, taɓawa ce. In ta wuce bolt 50 AC, ya janye hannu, a kashe wutar ginin tukuna.

Mai_Intakom_Barnawa: A ƙara da duba sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa don ya kai wuta ƙasa. Da hunturu ƙasar Kaduna kan bushe, sandar ta daina aiki sosai, sai jikin PBX ya riƙa ɗan ja. A duba abin kare tsawa ma, in ya ƙone yakan haɗe ƙafa ɗaya da ƙasa.

Injiniya_Kakuri: Madalla. A takardar zan sa "baƙuwar wuta" a kan babin, a ƙarƙashinta "wutar kutse" ga ta taɓawa, "wutar kusanci" ga ɗayar. Malam, ka duba mini babin in na gama.

Malamin_Lantarki: Turo shi, in sha Allah zan duba. Ka sa gargaɗin bolt 50 ɗin kafin matakan awo.