Wai sabuwar iPhone za ta ji magana?

Ɗan Jira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau huce haushi na zo yi. Wata 15 ke nan da fitowar iPhone 4 a Yunin 2010, alhali tun 2007 Apple ba su taɓa barin Yuli ya wuce ba tare da sabuwa ta shiga hannun mutane ba. Bana, wato 2011, Yuni ya zo, suka nuna iOS 5, sabuwar manhajar da ke tafiyar da iPhone, batun waya shiru. Ni kuwa ina nan da wata tsohuwa da gilashinta ya tsage daga kusurwa har ƙasa, na liƙe shi da salatif, in zan karanta saƙo sai na karkata ta wajen haske. A wurin aiki har an raɗa min suna Mai Salatif. To ga takardar gayyata ta fito: Talata 4 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe agogonsu, a hedikwatarsu da ke Cupertino ta Amurka. Rubutun da ke jiki ma'anarsa "mu yi maganar iPhone". Magana fa suka ce! Ni na tsaya a kan iPhone 5 ce, da sabuwar siffa, kuma za ta ji magana, ka ce ta tura saƙo ta tura, ka ce ta tashe ka da asuba ta tashe ka. Masu dariya su ci gaba, rana ba ta ƙarya.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam Yaya Mai Salatif.

Malamin Hausa: Ɗan Jira, kafin a yi nisa, wane jin kake nufi? Akwai ji na kunne, kamar ka ji ƙarar mota. Akwai ji na fahimta, kamar a ce wane yana jin Larabci. Akwai kuma jin magana da ake faɗa wa yaro mai biyayya. Kai ka cusa ukun a jaka ɗaya ka miƙo mana.

Ɗan Jira: Malam, ni zancen waya nake yi.

Malamin Hausa: Ni ma shi nake yi. In na farko ne, kowace waya tana da shi, ai da shi ake kiran mutane. In na biyu ne, ban yarda ba. Aku ma yana ji yana maimaitawa, ba wanda ya taɓa cewa ya fahimta.

Baban Biyu: In na uku ne ni a kawo min guda biyu, in raba wa tagwayena ko sa koya.

Kwamanda: Duk ku tsaya. Mu masu Android mun fi shekara muna wannan abin. Tun Agustan 2010 Google suka fitar da Voice Actions, kana cewa a tura saƙo, a kira, a nuna hanya. Galaxy S II ta Samsung da ke hannuna yanzu tana da manhajar Vlingo, danna maɓallin tsakiya sau biyu ka yi magana. Apple za su zo ranar Talata su yi wa tsohon abu wanka, a tafa musu, ku kuma ku ce sun ƙirƙiro.

Ɗan Jira: iPhone 3GS tana da Voice Control tun Yunin 2009. Lissafa da kanka wa ya riga wa.

Kwamanda: Wanda bai iya komai ba sai kira da kunna waƙa? Ga iPhone 4 kuma, wayar da in ka damƙe ta ta kusurwar hagu sabis yake zubewa, har sai da Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya tara 'yan jarida a Yulin 2010 ya ce za a raba rigar waya kyauta. Sabis ma ba ta ji ba, magana za ta ji?

Malamin Hausa: Ga ji na huɗu nan ya shigo.

Sarkin Zaure: A yi a hankali. Amma tun da ana batun wa ya riga, Nokia 3310 ta 2000 tana kira da murya. Ka faɗi sunan mutum ta ɗauka ta ajiye, gobe ka sake faɗa ta kira shi. Na sa mata "Gwaggo", na sa mata "Maigida", ba ta taɓa tambayata wane yare ba ne. Ita ce wayar da ta ji Hausa, tun waɗannan ba su zo duniya ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba Hausa ta ji ba. Sautin da ka ajiye take gwadawa da wanda ka faɗa yanzu, in sun yi kama ta buga lambar. Da tari ka ajiye mata a kan lambar Gwaggo, da tari za ta riƙa kiranta. Abin da ake raɗe-raɗi a kai daban ne, kuma mataki biyu ne. Na farko a mai da sauti rubutu, wannan fagen kamfanin Nuance ne, masu manhajar Dragon. Na biyu a ciro abin da mutum yake so daga rubutun. Tsohon tsari sai ka haddace jimlar da na'ura ta sani. Sabon kuwa ana cewa ko "zan buƙaci lema gobe?" ka ce, ta san hasashen yanayi kake nema, duk da ba ka ambaci ruwan sama ba. Kuma ba daga sama zancen ya faɗo ba. Akwai manhaja mai suna Siri da ta shiga App Store, kantin manhajojin Apple, a Fabrairun 2010, tana kama wa mutum teburi a gidan cin abinci, tana kiran tasi. Wata biyu da fitowarta, a Afrilu, Apple suka saye kamfanin. Masu jita-jita suna cewa ita aka dasa cikin wayar da sunan Assistant.

Malamin Hausa: "Ta san hasashen yanayi kake nema." Injiniya, sani kuma? Daga ji mun koma sani.

Injiniya: Malam, in ka aiki yaro ya dawo da abin da ka aike shi, me za ka ce?

Malamin Hausa: Zan ce ya ji. Amma yaro in na aike shi sayen lema ya ga rana ƙwal, zai iya tambayata lafiya. Wannan tambayar ita ce fahimta.

Injiniya: Ita ma Siri tana mai da tambaya in bayani bai cika ba.

Malamin Hausa: An rubuta mata ne.

Injiniya: Shi yaron wa ya koya masa?

Baban Biyu: Kai Injiniya, a bar wannan. Mutum da na'ura ba ɗaya ba ne, kada ka kai mu inda ba mu nufa ba. Ni sunan ma ya tsaya min a rai. Siri. Sirri. Ina muryar take zuwa in na yi magana?

Injiniya: Manhajar farko dai tura ta take yi ta intanet zuwa manyan kwamfutoci, a can ake aikin, amsa ta dawo. Shi ya sa ba ta motsi in babu intanet.

Baban Biyu: To ka ji! Kuma an ce min sojojin Amurka ne suka yi ta.

Injiniya: Rabin gaskiya. Cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ce ta jagoranci wani aiki mai suna CALO daga 2003, da kuɗin DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka. Daga cikinsa aka yanko Siri ta zama kamfani a 2007. In kuɗin DARPA ne abin gudu, ita ta ɗauki nauyin ARPANET, uwar wannan intanet da kake rubutu a kai.

Baban Biyu: Rubutu daban, murya daban. Rubutu ni nake zaɓen abin da na sa. Kunne kuwa ba shi da murfi.

Hajiya Babba: Ku dakata in ba ku nawa, don ni abin ya taɓa ci na. Na yi wata waya, ba zan kama sunan kamfanin ba, mai kira da murya. Ina da Baba biyu a ciki, mahaifina da kuma ƙanwarsa. Ranar hannuna duk kumfa, na danna da gwiwar yatsa na ce ta kira Baba. Ana ɗagawa ban ko jira sallama ba, na ce Baba don Allah ka ja wa ƙanwarka kunne, ta sake zuwa ta kwashe maganar gidana ta kai waje. Shiru. Can sai na ji an ce, "To 'yar nan, na ji." Muryar mace. Sai da aka yi wata 3 ana ba da haƙuri. Tun daga ranar da yatsana nake kira, ina duba lamba sau biyu.

Autan Zaure: Hajiya wallahi na yi dariya har na ƙware.

Malamin Hausa: Hajiya, Allah ya saka. Hujjata ke nan. Baba uba, murya tana farowa ƙasa ta hau. Baba gwaggo, tana farowa sama ta sauka. A rubuce ɗaya ne, a kunnen Bahaushe ko ɗan shekara 3 ba ya haɗa su. Haka gari na zama da gari na tuwo. Na'urar da aka horar da Turanci ba ruwanta da hawa da saukar murya a cikin kalma. To ta ina ta ji?

Kwamanda: Wannan karya ce. Babu wayar da za ta zaɓi ɗaya cikin suna biyu iri guda ba ta tambaye ka wanne ba.

Baban Biyu: Kwamanda, me ka ce wa Hajiya?

Kwamanda: Na ce labarin bai hau ba.

Baban Biyu: Koma ka karanta abin da ka rubuta. Matar da ta haifi kamarka.

Kwamanda: Subhanallah, ƙarya nake nufi, mai ƙugiya. Yatsana ne ya zame.

Hajiya Babba: Wato gyaran shi ne ni maƙaryaciya ce. Na gode ɗana.

Kwamanda: Hajiya ba haka ba ne, labarin na ce.

Hajiya Babba: Labarin wa ya ba da shi?

Malamin Hausa: Shekara nawa ina roƙon mutanen zauren nan su kula da ƙugiya ana cewa na cika tsanani.

Autan Zaure: Yaya Kwamanda, ita Galaxy ɗin ba ta gyara maka ba? Ko da Vlingo ka rubuta?

Kwamanda: Auta ka kiyaye ni. Kai da wayar yayanka kake shigowa.

Ɗan Jira: Jama'a, hoton gayyatar fa akwai alamar waya da lamba 1 a jikinta. Wasu na cewa waya ɗaya za a fitar ke nan, ba biyu ba. Ni na ce 5 ce. Ba wanda ya ce min komai a kan wannan.

Kwamanda: Ko 10 ce, ƙwaƙwalwar A5 da ake cewa za a sa mata, irin ta iPad 2, a masana'antar Samsung ake buga ta. Ku ci a kwanonmu ku kai mu kotu.

Ɗan Jira: An kai ku kotu a Afrilu ne saboda kwaikwayo. Wanda ya ɗora Galaxy S ta farko kusa da 3GS ya gani da idonsa.

Baban Biyu: Kwamanda, har yanzu ba ka ba Hajiya haƙuri ba, ka koma cacar kamfanoni. Ko sisi ba su san da kai ba.

Kwamanda: Na ce kuskure ne.

Baban Biyu: Cewa kuskure ne daban, a yi haƙuri daban.

Malamin Hausa: Wannan gaskiya ne ta fuskar harshe ma.

Injiniya: Ni dai a rubuta cewa ban ce za ta ji Hausa ba. Manhajar Siri ta 2010 Turanci kaɗai ta sani. Kuma abin tsoho ne fiye da yadda Kwamanda da Ɗan Jira suke ja: a 1962 IBM ta nuna wata na'ura, Shoebox, mai gane kalma 16.

Autan Zaure: 16 ai ta fi Yaya Kwamanda, shi "yi haƙuri" biyu ce ta gagare shi.

Sarkin Zaure: Ya isa haka. Ga taƙaitawa don waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan Jira ya zo da jita-jita, kuma sunanta ma ya nuna, ji ta ji ta ce, ba wanda ya gani. Malam ya tabbatar da cewa waya ba ta fahimta, Injiniya ya yi dogon bayani amma a ƙarshe ya amsa cewa ba za ta ji Hausa ba. An yarda Nokia ce ta riga kowa, ba wanda ya musa. Labarin Hajiya ya nuna haɗarin kira da murya, abin da ya sami Kwamanda kuma ya nuna haɗarin rubutu a kan gilashi, don da maɓallai na gaske ne a ƙarƙashin yatsansa, irin na BlackBerry da nake rubuta wannan da ita, da bai zame ba. Saboda haka ra'ayin mafi rinjaye shi ne mai neman waya ya nemi mai maɓalli. Kwamanda zai ba Hajiya haƙuri kafin magariba. An rufe batun.

Injiniya: Ranka ya daɗe, na musa maganar Nokia, tana nan a sama. Kuma BlackBerry ma ba ta da ƙ.

Sarkin Zaure: An rufe, Injiniya.

Ɗan Jira: Wane rinjaye? Ko mutum ɗaya bai ambaci maɓalli ba sai kai. Ni ban janye komai ba, mu haɗu ranar Talata.

Hajiya Babba: An kira magariba a nan, ni dai ban ga komai ba.