Masu bincike kan 'yan gudun hijira sun taɓa zuwa garinku?

Malamin firamare, Auyo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana rubutun kammala digiri a kan 'yan gudun hijira, ya ce kusan duk abin da ya samu a rubuce a kan Borno, Yobe da Adamawa ne, sai sansanin Minawao na Kamaru da yankin Diffa na Nijar. Tun 2014 IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, take ƙidayar 'yan gudun hijira a arewa maso gabas. To mu na nan fa? Duk wanda masu biro da takarda suka taɓa zuwa garinsu, ya ba mu labari.

Masunci, wani ƙauye kusa da Haɗejiya:
Wa alaikumus salam Malam. A Doron Baga nake kamun kifi, har aka kai harin Baga a Janairun 2015 muka tsere. Ban je sansani ba, ɗakin soron yayana na sauka da iyalina. Wanda ya sauka gidan ɗan uwa kuwa, wa zai ƙirga shi? Yayana ne ya buɗe mana rumbunsa har kaka ta zagayo. Shi ya kamata a tambaya yadda ya yi, don shi ya san nauyin.

Matar aure, Ringim:
Mu ruwa ne ya kore mu a 2022, muka tare a ajin makaranta. Wasu matasa sun zo da waya suna tambaya: ku nawa ne, sau nawa kuke cin abinci, akwai banɗaki? Duka maza ne, kuma a gaban maigida ake tambayar. Ta yaya mace za ta yi maganar al'ada ko ta ciki a nan? Muka ce lafiya lau. Haka suka rubuta.

Ɗalibi, Dawakin Tofa:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na taɓa yin aikin cike irin waɗannan takardu. Da mutane sun gan mu sai a ɗauka rajistar tallafi ce, gida mai mutum kaɗan ya koma mai yawa. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, ta ƙasashen Afirka kan kare waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, wadda Najeriya ta amince da ita, ta haɗa har da wanda ambaliya ta kora. Amma mai bincike inda kuɗin aiki yake nan yake nufa, kuɗin kuwa sun fi karkata wajen rikici.

Manomin shinkafa, Guri:
In za su zo, su zo da rani. Su ga yadda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, su tambayi wanda ya sayar da akuyarsa ya sayi iri. Malam, ka ce wa ƙanen naka ya zo, masauki na wuyana, amma ya taho da mace cikin masu tambayar.